Kabewarmu da 'Yar Kabewar Amurka: Wace Ce ta Dace da Tukunyarmu?

A wannan wata za mu ɗan ajiye maganar makaranta da jarrabawa, mu leƙa madafa. Dalili kuwa shi ne wasu iyayenmu mata na nan Briqueterie sun aiko mana da tambaya a kan wata ƙaramar kabewa da 'ya'yansu mazauna Amurka ke yabawa, har suka aiko musu da irinta a cikin 'yar takarda mai hoto. Suna son su sani, shin ita ma kabewa ce, kuma za ta iya tsayawa a matsayin wadda muka gada?

Ga wanda bai taɓa ganinta ba, girmanta bai wuce dunƙulen hannu biyu ba, nauyinta daga rabin kilo zuwa kilo ɗaya. Bayanta kore ne mai duhu, da kwari-kwari daga sama har ƙasa, ƙarshenta da ɗan tsini, cikinta kuma rawaya. Masu Faransanci na kiranta courgeron. Irinta da ya fi suna shi ne Table Queen, wanda wani kamfanin sayar da iri na birnin Des Moines, a jihar Iowa, ya fitar kasuwa a 1913.

To, kabewa ce, babu shakka, amma 'yar'uwa ce ta nesa. Abin da zai ba wasu mamaki ma shi ne tamu kabewar ba 'yar asalin Afirka ba ce. Duk dangin nan daga nahiyar Amurka suka fito. Masu binciken tarihi sun samu 'ya'yan kabewa a wani kogo da ke Oaxaca, a ƙasar Meziko, waɗanda suka kai shekara 10,000, kuma sai bayan 1492 jiragen ruwan Turawa suka watsa ta duniya. Duma, wanda ake fafe ƙwarya da ludayi daga gare shi, shi ne ɗan gida na ainihi. Sai dai kabewa ta daɗe a hannunmu, ta saba da ƙasarmu da ranarmu, har ta zama tamu.

A nan Yawunde akwai ruɗanin suna da ke ƙara dagula maganar. Littafin makaranta ya ce courge, ya ce citrouille, ya ce potiron. Ka je kasuwar Mokolo ko ta Mfoundi, mai sayarwa ta ce maka melon. 'Ya'yan agushi kuma, waɗanda maƙwabtanmu Ewondo ke yin nnam ngon da su, sai a ce pistache. Mun sha tambayar ɗalibai a aji sunan kabewa da Faransanci, kowa ya kawo nasa, kuma kowa da gaskiyarsa. Saboda haka mai sayen iri kada ya dogara da sunan da ke jikin takarda kaɗai.

Mu koma tukunya, domin a nan ne shari'ar take. Aikin kabewa a miyar taushe shi ne ta narke, ta haɗe da gyaɗa da yakuwa da alayyafo da romon ƙashi, ta ba miya kauri da launi da ɗan zaƙin da ke kashe tsamin yakuwa. Yanki ɗaya mai kyau ya ishi tukunyar gida mai mutum goma sha biyar, a ci da tuwon shinkafa ko waina ko funkaso. Ita kuwa 'yar Amurka ba don haka aka raine ta ba. Can sukan raba ta biyu, su kwashe 'ya'yan, su sa man shanu da sukari a ramin, su gasa a tanda, kowa ya ɗauki rabi da cokali kamar ƙoƙo. Abincin mutum ɗaya ne ko biyu. Uwargidan da za ta yi taushe da ita sai ta fere biyar ko shida, kuma kwari-kwarin nan na bayanta ba ya barin wuƙa ta tafi sumul. Bayan duk wannan wahala, miyar za ta fito da launi kaɗan. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Launin nan ba ado ba ne kawai. Jan cikin kabewa alama ce ta sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, wanda ke kare idon yaro daga dundumi, yana kuma ƙara masa ƙarfin jure cuta. Gwargwadon jan ciki, gwargwadon sinadarin. A wannan fanni tamu ta ninka ƙaramar sau da yawa. Kuma jiki ya fi ɗaukarsa idan akwai maiƙo a abincin, wato gyaɗa da man da ke cikin taushe suna nasu aikin ba tare da mun sani ba.

Amma kada mu zalunce ta, tana da inda ta fi. A Garwa ko Marwa, inda iska ke bushe, kabewar da ba a fasa ba kan yi watanni a ɗaki lafiya lau. Yawunde kuwa damina biyu gare ta a shekara, ga laima, ga gidajenmu a matse, ba kowa ke da firiji ba, mai shi ma wuta ba ta da tabbas. Da zarar an fasa babbar kabewa, kwana biyu uku ta fara yauƙi. Shi ya sa 'yan kasuwa ke sayar da ita yanki-yanki. Ga gwauro ko ango da amarya, ƙaramar da za a cinye a zama ɗaya ta fi sauƙi. Sai dai ita ma ba ta jure ajiya: wata ɗaya zuwa biyu, ɗanɗanonta ya fara gudu.

Ga masu ɗan fili a bayan gari da ke son gwadawa, ga shawararmu. Yawancin kabewar ƙasashe masu zafi irin namu daga reshen da ya fi jure zafi da laima take, ita kuwa ƙaramar daga wani reshen daban, don haka kada a ba ta gona duka, a gwada rami biyu ko uku tukuna. A duba takardar kuma: idan an rubuta F1, irin aure ne, 'ya'yan da aka ajiye daga gare shi ba za su fito kamar uwarsu ba, sai an sake saye kowace shekara. Irin gida kuwa, wanda ya biyo jirgin ƙasa daga Ngaundere a ƙullin zanen kaka, a wanke shi, a shanya a inuwa, a zuba a kwalba mai murfi da ɗan toka.

Abu na ƙarshe ya shafi duka biyun. Duk kabewar da aka ɗanɗana aka ji ɗaci sosai, a zubar, kada a ce dahuwa za ta gyara. Ɗacin nan guba ce da wuta ba ta kashewa, tana jawo amai da zawo mai tsanani. Ya fi faruwa a wadda ta tsiro da kanta a juji ko bayan gida, don haka a lasa ɗan ɓalli tun kafin a jefa a tukunya.

Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.