Wa Zai Zaɓar Wa Yara Littafin Dogon Hutu?

Nan da 'yan makonni makarantun firamare da na sakandare za su rufe domin dogon hutu, wanda yakan fara wajen ƙarshen watan Yuli ya kai har cikin Satumba. Yaran ƙauye dai gona na jiransu, gama hutun yakan faɗo a tsakiyar damina. Amma yaran birni da na manyan garuruwa za su yi mako shida ko bakwai a gida ba aikin fari ba na baƙi, in ban da Islamiyya da 'yan aike-aike. Da yawa daga cikinsu, musamman 'yan mata, da karatun ƙagaggun labarai za su cinye wannan lokaci, wasu a takarda, mafi yawa kuwa a wayar hannu, inda ake ta watsa labarai shafi-shafi ta WhatsApp da Wattpad.

Iyaye masu kula sun daɗe da samar wa kansu wata 'yar dabara a kan wannan al'amari. Idan littafi ya zo da suna mai ƙamshin addini, aka buɗe shi da bisimilla da salati, aka ga hoton yarinya da hijabi a bango, sai hankali ya kwanta, a bar yaro da shi. Malaman makaranta da masu kula da laburare ma sau da yawa iyakar binciken da suke yi ke nan. Wannan dabara ba ta isa ba, kuma lokaci ya yi da za a faɗi haka a fili.

Dalili kuwa shi ne, masu sayar da littafi sun riga iyaye gane dabarar. Akwai labaran da za a shafe shafi ɗari biyu ana kwatanta dukiya da motoci da shaƙatawa da abin da bai kamata yaro ya ji ba, sa'an nan a shafi biyun ƙarshe jarumar ta yi nadama, ta yi kuka, ta tuba, a rufe da addu'a. Yaron da ya karanta irin wannan ba tuban zai tuna ba. Akwai kuma wani iri, wanda mai shi da kyakkyawar niyya ya rubuta, amma ba labari a cikinsa sam. Mutanen ciki ba su da jini a jika, na kirki bai taɓa kuskure ba, mugu bai taɓa yin alheri ba, kowa ya buɗe baki sai huɗuba. Wannan ba ya ɓata yaro, amma yaro ba ya kai shafi na goma, kuma abin da ya koya shi ne littafin addini abu ne mai gundura. Hasarar nan ba ƙarama ba ce.

Tambayar ko ƙagaggen labari zai iya ɗaukar addini ba sabuwa ba ce a ƙasar Hausa. A cikin 1933, sa'ad da Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya zaga manyan garuruwan Arewa yana neman masu ilmi su rubuta labarai don gasa, babbar wahalar da ya sha ita ce shawo kan malamai, waɗanda a ganinsu ƙirƙirar labari aikin masu tatsuniya ne, bai dace da mai ilmi ba. Duk da haka daga wannan yunƙuri aka sami littattafan da aka fara bugawa a 1934, wato Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da kuma Jiki Magayi na John Tafida na Wusasa tare da shi East ɗin.

A cikin waɗannan, Shaihu Umar ne ya fi cancanta mai zaɓen littafin addini ya ajiye a gabansa ya riƙa auna sauran da shi. Wani babban malami ne a Rauta, kusa da Bauchi, almajiransa suka tambaye shi asalinsa, ya ba su labari. An haife shi a Kagara, ubansa ya rasu, uwarsa ta auri Makau, wani bafade wanda 'yan'uwansa fadawa suka yi wa hassada har suka sa aka kore shi daga gari. Aka sace yaron, ya yi ta faɗawa daga wannan hannu zuwa wancan, har ya kai ga wani Balarabe mai suna Abdulkarim, wanda ya tafi da shi ƙasar Masar ya riƙe shi kamar ɗansa, ya sa shi karatu. Uwarsa kuwa ta fita nemansa, aka yaudare ta aka bautar da ita, ta ƙetare hamada cikin wahala, ba ta sadu da ɗanta ba sai da ƙarfinta ya ƙare, ta rasu jim kaɗan bayan ta gan shi.

Abin lura a nan shi ne, marubucin bai tsai da labari don ya yi wa mai karatu wa'azin haƙuri da tawakkali ba. Ya bar mai karatu ya ga haƙurin da idonsa, ya ji nauyinsa. Bai kuma ɓoye cewa masu harin bayi da masu sayensu da masu yaudarar matar nan mutane ne masu salla da azumi ba. Bai saka wa uwar da gidan sama da dukiya a ƙarshe ba, kamar yadda marubutan yanzu suke gaggawar yi, sai ka ce ladan mai imani dole a biya shi a nan duniya kafin a rufe littafi. Da irin wannan gaskiya littafin ya rayu, aka mai da shi wasan kwaikwayo, Adamu Halilu ya mai da shi fim a 1976, kuma har yanzu ana karanta shi bayan shekara 90. Da a ce mai tace littattafai mai gajen haƙuri ne ya fara cin karo da shi, watakila da ya ce an zubar da mutuncin Musulmi.

Wannan ya kawo maganar kuskure na biyu, wanda shi ne kishiyar na farko. Kamar yadda ake wanke littafi don sunansa, haka ake kashe wani don an ga mugunta a cikinsa. Alhali kuwa nuna mugunta daban, tallata ta daban. Ko Suratu Yusuf, wadda ba ƙage ba ce, gaskiya ce daga Ubangiji, a cikin ayoyinta 111 ba a ɓoye hassadar 'yan'uwa ba, ba a ɓoye makircin matar Azizu ba. Ruwan Bagaja cike yake da damfara da ba'a ga malaman tsibbu na ƙarya, amma ba wanda ya karanta rikicin Alhaji Imam da Malam Zurƙe ya fito yana raina ilmi na gaskiya. Haka kuma littattafan Balaraba Ramat Yakubu na 1990. A Alhaki Kuykuyo Ne an nuna attajirin da ya wulakanta uwargidansa Rabi da 'ya'yanta saboda amarya, a Wa Zai Auri Jahila? kuwa an nuna yarinyar da aka cire daga makaranta aka yi mata auren dole. An zargi marubuciyar da tona asirin gidajen aure, amma hujjarta daga cikin addini ta ɗauko ta, wato haƙƙin mace a kan mijinta da wajibcin neman ilmi. Littafin farko ma an fassara shi da Turanci aka buga a ƙasar Indiya a 2012. Irin waɗannan su ne labaran addini na sosai, ko da ba a rubuta haka a bangonsu ba.

To, mene ne aikin mai sharhi? Kafin kome, ya karanta littafin daga farko har ƙarshe. Wannan magana tana kama da wasa, amma mafi yawan hukuncin da ake yanke wa littattafan Hausa, na yabo da na suka, daga ji-ta-ji-ta ake yanke shi. Bayan haka akwai wani nauyi da ya keɓanta ga labarin addini, wato bin diddigin duk ayar da aka kawo da duk maganar da aka jingina wa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Marubuci yana da 'yancin ƙirƙiro mutane da garuruwa, amma ba shi da 'yancin ƙirƙiro hadisi, ko ya sa wani malamin cikin labari ya ba da fatawar da ba ta da tushe a kan saki ko gado ko idda. Yarinyar da ta karanta hukuncin saki a littafin soyayya tana da shekara 15, da wuya ta je ta tambayi malami ko haka ne. Da shi za ta shiga gidan miji.

Akwai kuma maganar aƙidar da ake shigarwa ta ƙofar baya. Misali mafi girma a kan wannan daga Amurka yake, inda ƙagaggun labaran addinin Kirista suka zama babbar kasuwa mai kantuna da kamfanonin ɗab'i nata na kanta. A 1995 Tim LaHaye da Jerry Jenkins suka fitar da Left Behind, labarin ƙarshen duniya, wanda ya kai littattafai 16, aka sayar da fiye da miliyan 60. An gina labarin ne a kan wata fahimta ta musamman, cewa za a ɗauke masu bi zuwa sama farat ɗaya kafin zamanin tsanani, fahimtar da ta yaɗu daga koyarwar John Nelson Darby a ƙarni na 19. Cocin Katolika da wasu manyan ɗarikun Kirista ba su koyar da haka, amma mabiyansu da yawa sun karanta sun ɗauka koyarwar kowa da kowa ce, har sai da malamansu suka tashi yin bayani. A ƙasar da saɓanin ɗarika da Izala da Shi'a ya sha raba uba da ɗa, ba sai an yi dogon bayani a kan abin da irin wannan zai iya haifarwa ba. Ba a ce a hana marubuci ra'ayinsa ba. Abin da ake bukata shi ne mai sharhi ya gaya wa iyaye ra'ayin wane ɓangare ne littafi ya ɗauka, su zaɓa da saninsu.

Haka nan ya duba yadda littafi ya siffanta wanda ba addininsu ɗaya da marubucin ba. Makarantun gwamnati na 'ya'yan Musulmi ne da na Kirista, benci ɗaya suke zama. Labarin da duk wani Kirista a cikinsa mayaudari ne, ko duk wani Musulmi mai zubar da jini ne, bai cancanci kuɗin gwamnati ba, kome yawan addu'ar da ke cikinsa. Ɗaliban Larabci ma suna bukatar wannan ja-gora. Marubucin nan na Masar, Najib Kilani, wanda ya rasu a 1995, yana da labari a kan Nijeriya mai suna Amaliƙatush Shimal, wanda ya ɗora a kan rikicin 1966 da yaƙin basasa. Littafi ne mai jan hankali, amma wajibi ne a gaya wa ɗalibi cewa ƙagaggen labari ne na mutumin da ya hango al'amarin daga nesa, ba littafin tarihi ba.

Wani zai ce ai akwai hukuma. Gaskiya ne Jihar Kano ta kafa hukumar tace fina-finai da ɗab'i tun 2001, kuma a 2007 an ƙona littattafan soyayya a bainar jama'a a wata makarantar 'yan mata a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. Abin da ya biyo baya kowa ya gani. Karatun bai tsaya ba, wuri ya sake. Littafin da dā ake ɓoyewa a ƙarƙashin katifa, wanda uwa za ta iya ganowa, yanzu yana cikin waya a bayan lambar sirri, kuma marubucinsa ba ya bukatar maɗaba'a balle izinin kowa. Hukuma tana iya cewa kada a karanta wannan, amma ba ta taɓa iya cewa ga wanda ya fi shi daɗi ba. Wannan aikin mai sharhi ne, kuma shi ne aka yi sakaci da shi. A shekarun 1990 an yi zazzafar muhawara a shafukan New Nigerian da Nasiha a kan abin da Ibrahim Malumfashi ya kira Adabin Kasuwar Kano, shi da su Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu da Ibrahim Sheme. Ko da yake an yi ta musayar zafafan kalamai, marubuta sun san ana karanta su da idon basira, kuma da yawa sun gyara. Yau da wuya a sami jaridar Hausa mai filin sharhin littattafai na kowane mako.

A Amurka ɗin da aka ambata, laburaren gari sun fi shekara ɗari suna shirya wa yara karatun hutun bazara, kuma tun shekarar 2000 ake ba da lambar yabo ta Christy ga labaran addinin Kirista da alƙalai suka karanta suka auna. Ba kome nasu ne abin koyi ba, amma wannan tsari ba ya cin kuɗi mai yawa. Gasar Hikayata da Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 ta kuma nuna cewa akwai marubuta mata masu hannu, akwai alƙalan da za su iya tantancewa.

Saboda haka ya kamata Ma'aikatar Ilmi da Hukumar Laburare su kafa ɗan ƙaramin kwamiti, wanda zai ƙunshi malamin adabin Hausa, da malamin fiƙihu da hadisi, da malamin addinin Kirista, da marubuciya, da uwa mai 'ya'ya a sakandare. A ba su littattafai 30 ko 40, tsofaffi da sababbi, har da waɗanda ke yawo a waya. Kowane littafi a rubuta masa sharhi na rabin shafi, a faɗi abin da ya ƙunsa, da shekarun yaron da ya dace da shi, da inda ya yi kyau, da inda ya yi kuskure, mai sharhin kuma ya sa sunansa a ƙasa don marubuci ya san wanda zai mayar wa martani. A buga a jarida, a karanta a gidan rediyon jiha, a liƙa a allon sanarwa na kowace makaranta, a kuma tabbata akwai kofe a laburaren kowace ƙaramar hukuma. Lalle ne wannan jeri ya isa hannun shugabannin makarantu kafin ranar da za a raba wa yara sakamakon jarrabawar zango na uku.