Asalinmu Ba Ya Cikin Ƙidayar Turawa

Ya ku jama'ar zango, manya da yara, ina da ƙorafi, kuma ba zan ɓoye shi ba.

Ran Asabar wani almajirina a makarantarmu ta nan Tottenham ya zo mini da murna, wai ya biya wani kamfani kuɗi, ya tofa miyau a kwalba, an aiko masa takarda cewa jininsa na Nijeriya ne da Gana. Assha! Ai kakarsa tana nan Broadwater Farm, da ya tambaye ta da ta gaya masa haka kyauta, har da sunan unguwa. Bai tsaya nan ba, ya kwana neman kakan ubansa cikin ƙidayar Ingila ta 1921, wadda aka buɗe wa mutane a 2022. Mutumin da a shekarar nan yana Kumasi yana ɗaurin goro, me zai kai sunansa littafin Landan?

Shi Bature in ya yi haka ya yi daidai. An bi kakanninsa gida gida an rubuta sunansu da shekarunsu da sana'arsu. Mu fa? Rahoton ƙidayar Gwalkwas ta 1931 da ta 1948 lissafin kawuna ne, mutum kaza a gari kaza, kamar mai ƙirga shanu don jangali. Ba za ka ga sunan kakanka a ciki ba, balle na uwarsa.

To, ba mu da takardu ne? Wallahi muna da su, Larabci ne da ajami kuka kasa karantawa. Ku duba takardar rabon gado. Malami ba ya raba dukiyar mamaci sai ya san matansa da 'ya'yansa maza da mata, da iyayensa in suna raye, don kowa da rabonsa. Wace ƙidaya ce ta kai wannan? Ga wasiyya, ga ijazar da ke jera malami bayan malami, ga takardar da kaka yakan sa cikin gafakar Alƙur'ani da ranar haihuwar ɗansa. Ta rubutunsa da na almajiransa muka san Alhaji Umaru Karaki daga Kano ya taso, ya zauna Salaga, ya rasu a Kete-Krachi a 1934. Masanan Jami'ar Legon sun gane darajar irin waɗannan tun shekarun 1960, suka bi malaman zango suna aro suna kwafa. Mu masu abin mun bar wa gara.

Da yawa kuma sun tafi ke nan. Da gwamnatin Busia ta ba baƙi mako biyu su bar Gana a 1969, wa ya tsaya ɗaukar adakar takardu?

Dattawa, ku gafarce ni, ku ma da laifinku. Yaro ya tambaye ku asali, sai ku ce, "Mu jinin sarautar Katsina ne," ku yi shiru game da kakar da take Bagwanjiya ko Badagombiya, ko wadda aka sayo a kasuwar Salaga. Ba ita ta haife ku ba? In kowa ɗan sarki ne, su wa suka ɗauko goron a ka?

Duk mai tsohuwar takarda a gida, ko ya sa a aiko masa hotonta daga Nima ko Kumasi, ya kawo makaranta ran Asabar bayan Azahar. Zan karanta masa, ba ko sisi. Ya zo da tsohuwarsa in tana iya hawan bene.

Haza wasalam.