Kofi a Legas, Kalangu a Damaga

Cikin watanni huɗu kacal na shekarar 2025 ƙwallon ƙafa ta sa mu guɗa, ta kuma sa mu tagumi. Ran 26 ga Yuli 'yan matanmu na Super Falcons suka kara da Maroko a birnin Rabat. Masu masauki suka zura musu biyu kafin hutun rabin lokaci, suka farke, suka ƙara ɗaya, suka ɗauko kofin Afirka karo na goma. Shugaba Tinubu ya yi wa kowace 'yar wasa alkawarin dala 100,000 da gida da lambar girma. A watan Nuwamba kuma, a birnin nan dai, mazan Super Eagles suka ƙi fita atisaye saboda bashin alawus. Bayan 'yan kwanaki Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo ta fitar da su a bugun fenariti, muka rasa gurbin gasar cin kofin duniya karo na biyu a jere.

Duk sanda irin wannan ta faru sai a ji masu sharhi suna cewa ƙwallo ce kaɗai ta rage da ke haɗa kan Najeriya. Akwai gaskiya a ciki. Wanda ya taɓa zama a gidan kallo ranar wasan ƙasa ya san ba a tambayar wanda ke kusa da kai majami'a yake zuwa ko masallaci. Da Ahmed Musa, haifaffen Jos, ya ci Argentina biyu a 2014, ya sake cin Iceland biyu a 2018, ihun da aka yi a Gusau shi aka yi a Enugu. Amma muna so mu dubi zancen daga wani gefe dabam, daga Damaga da ƙauyukan da ke tsakanin Talata Mafara, Bakura da Maradun, domin daga can abin yana da wata kama.

Me ya sa ƙwallo ta iya abin da siyasa ta kasa? A ganinmu, domin ba gādon kowa ba ce. Turawa suka kawo ta, ta zo wa Bahaushe da Bayerabe da Ibo da Bakataf a matsayin baƙuwa, saboda haka ba wanda zai ce an ɗora masa al'adar wani. Gwamnati ta gane amfanin haka da wuri. Yaƙin basasa ya ƙare a Janairun 1970, a 1973 kuwa Janar Yakubu Gowon, wanda ya tashi a Wusasa ta Zariya, ya buɗe bikin wasanni na ƙasa na farko a Legas. A shekarar ce kuma aka kafa shirin yi wa ƙasa hidima. Manufar biyun ɗaya ce: a haɗa yaran da iyayensu suka harbi juna, su ci abinci tare, su yi gudu tare. Dabarar ta yi aiki gwargwado. Shekara goma bayan yaƙi, Christian Chukwu na ƙungiyar Enugu Rangers shi ne kyaftin ɗin da ya ɗaga wa Najeriya kofin Afirka na farko.

A nan ne ya kamata mu ɗan dakata, domin wannan shekara ta 1980 mutanen Zamfara suna tuna ta da wani abu dabam. Ran 22 ga Maris aka doke Aljeriya da ci 3 da nema a filin Surulere, Segun Odegbami ya ci biyu, Muda Lawal ya ci ɗaya. Shugaba Shehu Shagari yana wurin, aka kuma ba 'yan wasa gidaje da motoci. Mako biyar bayan haka, a ƙarshen Afrilu, aka tura 'yan sandan kwantar da tarzoma Bakolori. An kammala madatsar ruwan a kan Gulbin Sakkwato a 1978, ruwa ya cinye gidaje da gonakin dubban mutane, aikin rarraba filayen noman rani ya hana wasu shuka, diyya kuma ta yi ta jan ƙafa. Manoma suka tare hanyoyin aikin suna neman haƙƙinsu. Aka buɗe musu wuta, aka ƙone gidaje. Hukuma ta faɗi adadi kaɗan, mutanen wurin da masu binciken da suka biyo baya suka ce gawawwakin sun fi haka nesa ba kusa ba. Gwamnati ɗaya, tuta ɗaya, bazara ɗaya. Wanda ya ji wasan Aljeriya a rediyo a Maradun, ya yi murna da zuciya ɗaya, yana iya zama shi ne ya binne ƙanensa kafin ruwan farko ya sauka.

Ba muna tono wannan don mu ɓata wa kowa murnar kofi ba ne. Muna so ne a ga cewa kishin ƙasa na minti casa'in abu ne mai araha. Ba ya bukatar a biya kowa diyya, ba ya bukatar a tsare kowace hanya. Shi ya sa kowace gwamnati take ƙaunarsa.

Wasan da ya fi nuna ko su wane ne mutanen wannan yanki ba a filin Surulere ake yinsa ba. Dambe ne da kokawa, da langa ga yara. Ƙasar Sakkwato da Zamfara da Kabi gidan dambe ce tun kaka da kakanni, kuma ko wanda bai taɓa shiga fage ba ya san sunan Shago, saboda waƙar da Ɗan Anace ya yi masa. Asalin dambe wasan mahauta ne, lokacinsa kuwa kaka. Idan an yanke gero, an kai dawa rumbu, aljihu ya ɗan yi nauyi, sai 'yan dambe su ɗauki hanya daga gari zuwa gari, makaɗan kalangu na biye. Ɗan dambe yana naɗe hannu ɗaya da tsumma da zare, shi ne na duka, ɗayan kuma a buɗe don kariya da auna abokin karawa. Turmi uku ake yi. Wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa an kashe shi ke nan, a bakin 'yan wasa, sai ya tashi ya karkaɗe jiki, gobe a sake haɗuwa. Akwai ɓangarori, Arewa da Kudu da Guramaɗa, kowa da ubangidansa da makaɗinsa da kirarinsa.

A lura da abubuwan da wannan wasa yake tsaye a kansu. Sai an yi noma an girbe. Sai kasuwa na ci, mahauci ya sami abin yanka. Sai hanya ta yi lafiya har baƙo ya iya tasowa daga Bakura ya kwana a ƙauyen da bai san kowa ba, a ba shi tuwo da tabarma. Sai mutane sun iya taruwa da yamma har duhu ba tare da kunne na jiran ƙarar babura ba. Wato fagen dambe ma'auni ne. Idan kalangu na tashi a kaka, gari na lafiya.

To, waɗannan abubuwa ɗaya bayan ɗaya 'yan bindiga suka taɓa. Satar shanu ta karya fatake da mahauta. A 2021 kaɗai an kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe a ƙasar Talata Mafara cikin Fabrairu, an shiga kwalejin aikin gona ta Bakura cikin Agusta, an kwashi ɗalibai fiye da 70 a Kaya ta Maradun ran 1 ga Satumba. A watan nan gwamnati ta rufe kasuwannin mako, ta hana safarar dabbobi, aka katse layukan waya a jihar baki ɗaya. Har yau akwai ƙauyukan da sai sun biya haraji ga mutanen daji kafin su shuka, su sake biya kafin su girbe. Wa zai gayyato 'yan dambe da ragowar abin da aka bar masa?

Dambe dai bai mutu ba, ƙaura ya yi. Yanzu gidajensa na kullum suna birane, irin na Ado Bayero Square a Kano da na Dei-Dei a Abuja, ana biyan kuɗin ƙofa, ana ɗauka a waya, miliyoyi suna kallo a YouTube da Facebook, har Turawa sun fara sha'awa. Yana cikin wasannin gargajiya da ake yi a bikin wasanni na ƙasa. Wannan ci gaba ne, samari da yawa suna ci da iyayensu da shi. Sai dai akwai abin da ya ɓace a hanya. Damben ƙauye ziyara ce tsakanin maƙwabta, na birni kuwa sana'a ce da kallo, caca kuma tana laɓe a gefe.

Maƙwabtanmu na Nijar sun bi wata hanya. Tun 1975, zamanin Seyni Kountché, suka mai da kokawa wasan ƙasa. An fara gasar Takobi a Tawa, Kantu na Maraɗi ya ci ta farko, filin kokawar Maraɗi ma sunansa yake ɗauke da shi. Jihohi takwas, kowace ta kawo 'yan kokawa goma, gasar tana zagayawa daga jiha zuwa jiha, ƙasa gaba ɗaya ta kasa kunne a rediyo da talabijin. Bazabarme yana kayar da Bahaushe, Hausawa su tafa masa. Ba mu ce Nijar ta tsira daga nata matsalolin ba, kowa ya san halin da Tilaberi da Difa suke ciki. Amma can manomi yana ganin wasan da ya koya a kan yashin ƙofar gidansu ya zama abin da shugaban ƙasa ke girmamawa. Namu manomin yana ganin ƙasa tana girmama abin da ake yi a Rabat.

Ina ruwan ikilisiya da wannan? Da farko, mu ma 'yan gida ne. An daɗe ana magana kamar al'adar Hausa da addini ɗaya abu guda ne, har wasu daga cikinmu suka yarda, suka ja jiki daga duk abin da ake yi a dandali. Alhali dambe da kokawa wasannin manoma ne da mahauta, kakannin Hausawa masu bi sun yi su kamar yadda kakannin kowa suka yi. 'Yan'uwanmu na kudancin Kaduna da Filato da Zuru da Adamawa suna da nasu kokawar ta bayan girbi. Idan muka bar fagen, mun ƙara wa masu cewa mu baƙi ne hujja. Gaskiya ne akwai abin da mai bi ba zai taɓa ba. Layu da guraye da tsagar magani a hannu sun cika fagen dambe, ba kuwa za mu yi kamar ba mu gani ba. Saurayin da ya ce shi na Almasihu ne ba zai ɗaura dogararsa a damtse ba. Amma tsafin daban, wasan daban, kamar yadda ba mu daina noma ba don wani yana binne laya a gonarsa. Manzo Bulus kansa, a wasiƙarsa ta fari zuwa ga Korantiyawa sura 9, da mai tsere da ɗan dambe ya yi misalin horon kai, bai ji kunyar ambatonsu ba.

Na biyu kuma ya fi nauyi. Irin kishin ƙasa da Irmiya ya koya wa waɗanda aka kai bauta Babila, a sura 29, shi ne neman zaman lafiyar garin da mutum yake ciki, da gina gida, da dasa lambu. Ba ihu ba ne, aiki ne mai tsada. Idan muka auna kanmu da shi, mu da muke cika gidajen kallo a Gusau da Kano da Kaduna, za mu ga mun san sunayen 'yan benci na Super Eagles fiye da sunayen ƙauyukan Maradun da aka tasa. Yawancin mutanen waɗannan ƙauyuka Musulmi ne, shi ya sa sau da yawa ba sa shiga addu'o'inmu na ranar Lahadi, kamar yadda namu matattun na Mangu da Zangon Kataf ba sa shiga na wasu. A gidan kallo mun iya cewa "mu", mun ci, an cuce mu, alƙalin wasa ya zalunce mu. Ranar da aka kai hari sai kalmar ta tsuke, ta koma "su".

Jihar Zamfara da zinariyar Atlanta sa'o'in juna ne. A Agustan 1996 Kanu da abokansa suka doke Argentina a wasan ƙarshe, bayan sun fitar da Brazil, ran 1 ga Oktoba kuma Abacha ya yanke Zamfara daga Sakkwato. Yaron da aka haifa a Damaga a wannan shekara yanzu magidanci ne. A rayuwarsa ƙasa ta ci kofin Afirka na maza sau ɗaya, a 2013, an canja masa taken ƙasa sau ɗaya, a Mayun 2024, an kuma buƙace shi ya miƙe tsaye duk sanda aka rera. Abin da yake nema a madadin haka bai kai gida a Abuja ba, bai kai dala ɗari ba: ya kai geronsa rumbu ba tare da ya biya ɗan bindiga ba, ya kama hannun ɗansa da la'asar su tafi bayan gari inda ake kiɗa.