Waƙar Barmani A Bakin Wasu

'Yan'uwana mata, duk wadda ke zuwa biki a Ƙaraye ko Rogo ta ji 'yan amadan wajenmu suna rera waƙoƙin Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013. Waɗansu suna gunaguni, wai kwaikwayo ne. Ni kuwa murna nake, gama waƙar da ba a rerawa mutuwa take yi.

Amma roƙona biyu ne. Su ambaci sunan mai waƙa kafin a buga ƙwarya, don 'yan makaranta su san asali. Kuma kada su tsinci habaicin kishiya kaɗai, su zubar da gargaɗinta na mace ta riƙi sana'a. Nan ribar take. Ku gaya musu in kun je liƙi.