FITILAR MOTA MAI HASKE DA DUSHEWA

Wannan magana ta shafi fatake masu tafiyar dare, da malamai masu zuwa ɗaurin aure ƙauyuka cikin tsofaffin motoci, irin su Peugeot 404 da 504 waɗanda aka fara haɗawa a Kaduna cikin 1975, har yau kuwa ba su ƙare bisa hanya ba. Sau da yawa akan ga fitilun irin waɗannan motoci suna haske suna dushewa, kamar aci-balbal cikin iska. Mai mota kuwa, da ya ga haka, sai ya nufi kanti ya sayi sabon batir. Bayan mako biyu ciwon ya komo, kuɗi sun tafi.

Lalle wannan hukunci ne ba da shaida ba. Batir ajiya ce kawai, kamar uwar kuɗi ga ɗan kasuwa. Abin da ke samar da wuta sa'ad da inji ke tafiya shi ne altaneta, ko dinamo ga motocin da suka fi tsufa. In altaneta ta gaza, mota ta koma cin uwar kuɗi ke nan, ko da batirin jiya aka saye shi.

To, ƙaƙa za a gane mai laifi? Da fari a duba, ido ɗaya ne ke rawa, ko duka biyu har da fitilun cikin mota? In ɗaya ne, maganar ba ta wuce ƙwan fitilar ba, ko wayarsa da ta yi tsatsa. In duka ne, sai a lura da totur. Fitilar da ke dushewa in mota tana silo, ta kuma haskaka in an taka, tana nuna caji ya yi rauni. Ga mai dinamo kaɗan daga wannan hali ne nata, ba ciwo ba. Sa'an nan a taɓa fambel da babban yatsa. In ya lotsa fiye da kamar santimita 1, ko yana kuka sa'ad da aka kunna fitila, to, santsi ya ke yi, ɗaurewa ce maganinsa. Kawunan batir da suka yi farin gari, da wayar da ke haɗa batir da jikin mota, su ma a kwance su a kankare. Wannan waya ita ce aka fi mantawa da ita, alhali kuwa ta cikinta wutar duka ke komawa.

Bayan haka sai awo, domin mita ba ta son kai. Lafiyayyen batir, inji a kashe, yana nuna wajen bolt 12.6. In an tayar da inji ya kamata allura ta hau tsakanin 13.5 da 14.5, ta tsaya nan ko an kunna fitilu. In ta kasa kai 13, caji bai isa ba. In ta zarce 15, ragileta ce ta lalace, watau na'urar da ke ƙayyade wuta, kuma wannan ya fi muni, gama ruwan batir ya kan ƙafe, ƙwayayen fitila su riƙa ƙonewa ɗaya bayan ɗaya. In kuwa allura tana kai da kawowa, a zargi gawayin cikin altaneta da ya cinye, ko ɗaya daga cikin diyod shida masu miƙar da wutarta. Dukansu ana canza su da kuɗi kaɗan ƙwarai bisa ga tamanin batir.

Akwai wata al'ada a gareji da ta kamata a bari, ita ce cire kan batir inji yana tafiya, wai don a gani ko mota za ta mutu. Batir shi ke shanye wutar da ta yi tsalle. In aka cire shi, tsallen nan yana iya ƙona diyod da ragileta nan take, mai mota ya zo da ciwo ɗaya ya koma da biyu. Wajibi ne ga mai mota ya hana a yi wa motarsa haka, ya ce a kawo mita. Wanda ya ɗauko mutane da kayansu kuwa, in fitilarsa ta fara rawa kuma jan ƙwan caji ya kama a gabansa, ya tsaya a gari na farko ya kwana, gama batir shi kaɗai ba zai riƙe fitila da inji har asuba ba.