RA'AYINMU: Ina 'Ya'yanmu a Cikin Littattafan da Suke Karantawa?

Duk iyayen da ke da ɗa ko 'ya a makarantar sakandare a Bebeji, Kiru, Tudun Wada ko Doguwa sun san cewa littattafan soyayya na Kano sun daɗe da shiga gidajenmu. A da, 'yan mata kan ɓoye su a cikin littafin rubutu. Yanzu kuwa labaran suna zuwa ta WhatsApp, ko kuma a saurare su ana karantawa a YouTube. Sau da dama an yi wa'azi a kansu a majami'u, an tsawata, an ƙwace, amma matasa ba su daina ba. Saboda haka muna ganin lokaci ya yi da ekklisiya za ta tambayi kanta: wane ne yaronmu yake gani idan ya buɗe waɗannan littattafai?

Kafin mu amsa, ya kamata mu ba marubutan haƙƙinsu. Hafsat Abdulwaheed ta fito da So Aljannar Duniya a 1980. Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta aka yi mata aure tana ƙarama, ta rubuta Wa Zai Auri Jahila? da Alhaki Kuykuyo Ne a 1990. Ado Ahmad Gidan Dabino ya buga In Da So Da Ƙauna a 1991. Abin da ya sa matasa suka rungumi waɗannan littattafai shi ne sun ga kansu a ciki: yarinyar da aka hana karatu, matar da miji ya wulaƙanta, saurayin da aka raina don ba shi da abin hannu. Marubutan sun rubuta rayuwar da suka sani ta gidajen Musulmin birni, kuma babu wanda zai ga laifinsu a kan haka.

To amma ga inda gizo ke saƙar. A yawancin littattafan da suka zo hannunmu, da wuya a sami Bahaushe Kirista. Idan Kirista ya fito, galibi baƙo ne daga kudu, ko kuma yarinya ce da za ta bar bangaskiyarta kafin labarin ya ƙare. Ba ka ganin Saratu da ke rera waƙa a ƙungiyar mawaƙa, tana taimakon mahaifiyarta casar masara. Ba ka ganin Ishaku da ke kamun kifi a Tiga don ya tara kuɗin jarrabawa, ko Tanko da kakansa ke bin al'adar Maguzawa, ubansa dattijon ekklisiya ne, ƙanen ubansa kuwa ya musulunta, amma duk suna haɗuwa wurin biki da makoki. Alhali irin wannan gida muna da shi a ƙauyukanmu ba iyaka.

Wani zai ce ai labari ne kawai. Babu shakka labari ne, amma yaron da ya shekara biyar yana karanta harshensa bai taɓa cin karo da mai suna irin nasa ba, a hankali zai ɗauka cewa Hausa ta wasu ce, shi ɗan rakiya ne. Daga nan ne wasu ke jin kunyar faɗin sunansu na baftisma idan sun shiga birni. Haka kuma maƙwabcinmu Musulmi da bai taɓa karanta labarinmu ba, ba abin mamaki ba ne ya tambaye mu ko mu Hausawa ne da gaske. Mutanen Tudun Wada ba su manta da watan Satumba na 2007 ba, lokacin da aka ƙone majami'u a garin. Ba mu ce littafi zai hana fitina ba, amma rashin sani ya fi dare duhu, kuma wanda ka san labarin gidansu da wuya ka ɗauke shi bare.

Hani kaɗai ba zai yi magani ba. A 2007 gwamnatin jihar Kano ta ƙona wasu daga cikin littattafan nan a bainar jama'a, amma rubutu bai tsaya ba, sai ma ya koma cikin waya inda ashana ba ta kaiwa. Maganin labarin da babu mu a ciki shi ne mu rubuta namu.

Wannan kuwa ba baƙon aiki ba ne a gare mu. Tun 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. A cikin littattafan hikaya biyar na farko da aka buga a Zariya bayan gasar 1933, akwai Jiki Magayi, wanda John Tafida na Wusasa ya rubuta tare da Rupert East. Ashe ke nan tun ranar da aka aza harsashin ginin da hannunmu a ciki. Mu ne muka ja da baya, muka tsaya ga littafin waƙoƙi da 'yan takardun wa'azi da labaran da aka fassara daga Turanci, na yaran da ba su san damina ko fatauci ba.

Sai dai muna gargaɗin masu niyyar rubutu da abu biyu. Na farko, kada a ba mu waliyyai. Matashi ba zai karanta labarin yarinyar da ba ta taɓa fushi ko sha'awar saurayi ba, domin ya san babu irinta. Littafi Mai Tsarki kansa bai ɓoye zunubin Dawuda ko musun Bitrus ba. A rubuta mana tsadar kayan aure, da shan burkutu, da rikicin gado, da yarinyar da ke son wanda ba addininsu ɗaya ba, da abin da hakan ke jawo wa gidaje biyu. Na biyu, kada mu rama. Idan muka mai da kowane Musulmi mugu a cikin labaranmu, mun aikata abin da muke kuka da shi. Ubangijinmu Yesu, da zai koyar da ƙaunar maƙwabci, Basamariye ya sa ya zama mutumin kirki a cikin misalinsa, ga shi kuwa Yahudawa ba sa ga maciji da Samariyawa.

Bisa ga haka muna kira ga gundumomin ekklisiya, na ECWA da Angilikan da Katolika da Baftis da sauransu, su sa gasar rubuta gajeren labari a cikin taron matasa na shekara, kamar yadda ake gasar waƙa da haddar aya, a kuma buga waɗanda suka yi fice. Muna kira ga Tarayyar Masihiyawan Nijeriya ta ɗauki nauyin tattara su a littafi guda. Zumuntar mata ta ƙarfafa 'yan matanmu su shiga gasar Hikayata da sashen Hausa na BBC ya fara a 2016. Malaman makarantar Lahadi su tura yara wurin tsofaffi su rubuto yadda bishara ta shigo ƙauyensu, tun masu ba da labarin suna da rai. Iyaye kuma, idan littafin ya fito, a saya, kada a jira kyauta, gama marubuci ma ma'aikaci ne da ya cancanci ladansa.

Ubangiji ya ba mu hikima da ƙarfin yin wannan aiki. Amin.