Indiya: Ƙarfin tsofaffi na ƙarewa kafin kwanansu

Yayin da yawan tsofaffi ke ƙaruwa a Indiya, likitoci na ƙara nuna damuwa game da wata larura da akasarin iyalai ke ɗauka tsufa ne kawai, wato zaizayewar tsokar jiki da raguwar ƙarfi.

Wani masani ɗan Amurka, Irwin Rosenberg, ne ya laƙaba wa larurar suna sarkofeniya a 1989. Daga shekara 30 da haihuwa, mutum kan yi asarar kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari na tsokarsa a duk shekaru goma, kuma lamarin kan tsananta bayan shekara 60.

Alamunta sun haɗa da raunin damƙa, da tafiyar hawainiya, da kasa miƙewa daga kujera ba tare da dafawa ba. Daga nan sai yawan faɗuwa, da karayar ƙugu, da kwanciyar da wasu ba sa tashi daga ita.

Rahoton Asusun Kula da Yawan Jama'a na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2023 ya ce Indiyawa miliyan 149 ne suka kai shekara 60 ko fiye a 2022, kuma adadin zai kai miliyan 347 a 2050, watau mutum ɗaya cikin biyar.

A wani gagarumin bincike da wata cibiyar nazarin yawan jama'a da ke Mumbai ta gudanar tsakanin 2017 da 2018, an auna ƙarfin damƙar dubban dattawa a sassan ƙasar. Nazarce-nazarcen da suka biyo baya sun danganta raunin da rama, da ƙarancin ilimi, da rashin motsa jiki.

Ciwon sukari ma na gaggauta lalacewar tsoka, kuma wani bincike na 2023 ya ƙiyasta cewa mutane miliyan 101 ne ke fama da shi a ƙasar. Ga kuma tarin fuka, wanda kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da shi a duniya 'yan Indiya ne.

To sai dai babbar matsalar tana cikin akushi. A ƙarƙashin dokar wadata ƙasa da abinci ta 2013, gwamnati na raba wa mutane kimanin miliyan 800 hatsi, akasari shinkafa da alkama, kilo biyar ga kowane mutum a wata. Shirin ya rage yunwa, amma hatsi kaɗai ba ya wadatar da tsoho da sinadarin furotin, alhali jikinsa na buƙatarsa fiye da na matashi. Wake da madara da ƙwai kuwa sun fi ƙarfin aljihun wanda fanshonsa daga gwamnatin tarayya bai wuce rupi 200 a wata ba.

A 2024 hukumomi sun faɗaɗa inshorar lafiya ta Ayushman Bharat ga duk wanda ya kai shekara 70. Sai dai inshorar tana biyan kuɗin kwanciya asibiti ne, watau bayan an riga an faɗi an karye.

Har yanzu dai babu wani magani da aka amince da shi na wannan larura. Abin da aka tabbatar yana aiki shi ne atisayen ƙarfafa gaɓoɓi da abinci mai gina jiki, kuma ko ɗan shekara 80 na iya amfana da su.

Matuƙar ba a shigar da waɗannan biyu cikin tsarin kiwon lafiya na matakin farko ba, ɗawainiyar za ta ci gaba da faɗawa kan iyalai, musamman a ƙauyukan da matasa suka bari suka tafi birane neman aiki.